Kwamfutar Zaituna

Zaituna na shiga wanka, Ɗangoggo ya zaro kwamfutar hannunta daga jaka. Tun da aka fara koya wa malamai aiki da ita a Bwari, matarsa ta canja masa. Kullum tana leƙen abin tana murmushi ita kaɗai. Shi kuwa dillalin lemo ne a Zuba, ya san kayan da ya fara lalacewa ta ciki.

Abin haushi, kwamfutar ba ta buɗewa sai an amsa tambaya. Wata murya ta ce a nuna mata "ba". Bai iya karatu ba, ya yi ta dangwale har ya dace. Washegari ta nemi "ka". Da tafiya ta yi tafiya, sai ta koma tambayar kalmomi. Bai fasa ba, kullum sai ya saci jiki ya gwada.

Ran da ta buɗe gaba ɗaya, ya tarar da saƙon matarsa. Ya bi shi da yatsa a hankali: "Oga Kure, mutumin ya sake zuwa yau. Ya kusa shiga hannu."

Ya tare ta a bakin ƙofa. "Wane ne Kure? Wane mutum ne yake zuwa?"

"Kure mai koyar da mu ne. Ya ce kowa ya gwada darasin a kan ɗalibi mai taurin kai." Ta dube shi. "Maigida, wa ya karanta maka saƙon?"

"Ba kowa."

"To, ka wanke babbar rigarka. Ran Asabar kai ne jarrabawata."