Tulun Kabarin Asabe

Tun da aka kafa dokar awon bola, sai an auna sharar kowace unguwa, sannan a ba ta tallafi daidai nauyinta. Unguwar su Malam Tanimu ce ke zuwa ta ɗaya, har ta samu lambun shaƙatawa.

Ranar Juma'a ya je maƙabarta ziyarar matarsa Asabe. Shekara shida yana gane kabarinta da fasasshen tulun da ya kife a kai. Yau ya tarar da fili fes, kaburbura duk iri ɗaya. Injin shara ya bi ta nan.

Ya sami jami'in awo a bakin ƙofa.

"Ɗana, ina tulun da ke can gabas?"

"Baba, injin bai san tulu ba, fasasshen abu kawai ya sani. Kilo uku da rabi. Da shi muka doke maƙwabta, Allah ya saka da alheri."

"Da shi matata take ɗebo ruwa."

"Ai bai tafi a banza ba. Furanni za a ƙara a lambu."

Malam Tanimu ya koma ciki. Ya ɗaga hannu gaban wani kabari, ya shafa, ya matsa na gaba. Har la'asar yana bi layi-layi yana yi wa kowa addu'a, ko zai dace da nata.