Sihirin da Na Gane

"Matsafin ya ɗaga hannu yana karanto wani abu," in ji ƙanena, mai jan labari a wasanmu na tebur, inda kowane ɗan wasa ke da jaruminsa a cikin labarin. "Za ka tare, ko za ka gano wane sihiri ne? Ɗaya kawai doka ta yarda."

Shekara shida jarumina bai taɓa kasa gane sihiri ba, don haka na zaɓi ganowa. Na lallaɓa na jefa ɗan lidon da ke yanke hukunci a wasan, da hannun da shanyewar ɓarin jiki ta bar mini, abokaina suna duban agogo kamar kullum.

"Ka gane shi, Yaya. Na kisa ne. Jaruminka ya mutu."

Babu wanda ya yi mamaki. Matar ƙanena tana tsaye bayan kujerata, ta riga ta cike takardar jarumarta da za ta maye gurbin nawa a wasan.