Kilo Arba'in da Tara

"Ba zan rubuta ta a kaya ba," in ji Suwaiba, ta janye hannunta daga na'urar rajista, wadda yatsanta kaɗai ke buɗewa.

Tun da ƙasashen bakin teku suka haɗe ƙididdigarsu, gurbi biyu ya rage a tashar jirgin ruwa ta Legas: wanda na'ura ta karanta yatsansa fasinja ne, duk sauran abin da ya hau sikeli kaya ne. Iya Tabawa kuwa, tsohuwar da ke tsaye kan sikelin, shekara arba'in tana wankin goro, zanen yatsunta ya shafe. Sikeli ya nuna kilo arba'in da tara.

"Ba ni na kafa dokar ba," in ji shugabanta, Malam Tanimu. "In alƙalumanmu suka saɓa da na Ghana, ba za su bar jirgin ya tsaya ba."

"Mutum ce, ranka ya daɗe. Ta gaishe ni, na amsa."

Tsohuwar ta dubi wannan, ta dubi wancan. "'Yar nan, in kayan ne ke tafiya, sa ni a kayan mana. Jikata ta haihu, jibi suna."

Ta taga Suwaiba ta hango tsofaffi uku zaune tsakanin buhunan albasa, kowanne da takardar kaya ɗaure a wuyan hannu, suna hirarsu.

Ba ta rubuta ba. Jirgi ya tashi da azahar. Da la'asar aka karɓe katin aikinta. Iya Tabawa ta rasa bikin sunan, ta fita ko sallama ba ta yi wa Suwaiba ba.