Wankin Hannu

Da tsohon likitanmu ya shigo ɗakin masu ciki, 'yan jarida na biye da shi, ni kaɗai ce nas ɗin da ba ta miƙe ba. Shekara goma sha tara ina miƙa masa almakashi a ɗakin tiyata kafin ya ajiye farar riga ya tafi majalisa. A can ya tsaya kai da fata sai da aka rufe sashenmu na tazarar haihuwa, wai yana lalata tarbiyya.

Matar gado na huɗu ta cafke hannunsa.

"Likita, ba ka gane ni ba? Sau uku kana yi min aiki. Kai ka ce in na sake ɗaukar ciki, da wuya in tashi. Na zo karɓar allurata, na tarar da kwaɗo a ƙofa."

Ya dubi cikinta, ya dubi kumburarrun ƙafafunta. Ya fi kowa sanin abin da yake gani. Sai ya juya wajen kyamara yana murmushi.

"Haihuwa ai arziki ce, baiwar Allah. Allah ya sauke ki lafiya."



A bakin ƙofa ya tsaya gaban famfo. "Sista, sabulu."

Na miƙa masa. Ya cuɗa tafin hannu, ya bi yatsu ɗaya bayan ɗaya har wuyan hannu, daidai yadda ya koya mana. Wankin bai canza ba ko kaɗan. Sai dai a da, kafin ya taɓa mutum yake yi.