Kafaɗar Hagu ta Zauren Naraguta

Shekarar ta kuɓuce mini, ko 2004 ce ko wadda ta biyo ta. Sunan mai gidan ma ya tafi, na dai san hajiya ce da ta koma Bauchi bayan rikici, ta bar gidan ba kowa. Abin da ban manta ba shi ne zauren.

Zauren ƙasa ne a Naraguta, mai bakan gizo a ƙofa, wato ginin da aka lanƙwasa kamar baka. Sama da bakan, dama da hagu, akwai fili mai kusurwa uku inda magina ke yin zane da laka. Zubair magini kafaɗu yake ce musu. Shi da abokinsa Datong suka zana su tun da daɗewa, kamar yadda suka saba shekara ashirin: Zubair a dama, Datong a hagu don bahago ne, kowa yana kallon hannun ɗan'uwansa har su haɗu a tsakiya.

Damina uku ta wanke zanen. Hajiya ta aiko a gyara. Zubair ya zo shi kaɗai.

Dalilin kaɗaicin bai ɓoye mini ba. Ranar Juma'ar nan ta Satumbar 2001 da rikicin ya ɓarke, da rana tsaka, Datong ya buga masa ƙofa yana kiran sunansa. Zubair yana ciki da iyalinsa, bai buɗe ba. Daga baya aka ce masa an ga gawar Datong a bakin kududdufin kuza. Aka ƙone layinsu Zubair shi ma, gari ya rabu biyu, kowa ya koma cikin nasa.

Da safe Zubair yana ɗora bulo a Rayfield, sai bayan la'asar yake zuwa zauren. Ranar farko ya zana rabin dagi, zanen nan mai murɗi, a dama, ya rufe sauran lakar da jiƙaƙƙen buhu, ya tafi.

Washegari ya tarar da rabin dagi a hagu. Lakar ba ta gama bushewa ba. Murɗin ya juya ta baya, irin na bahago.

Ya share wani ganyen kabeji daga kan tsani, ya hau, ya sa yatsa a cikin zanen. Ya san wannan babban yatsan.

Kwana biyar ana haka. Duk abin da ya yi da yamma, sai ya tarar an amsa masa. Ya daina cin abinci sosai. Ya same ni a ƙofar gida, lokacin ina rubutu a kan tsofaffin gine-gine.

“Malam, matattu suna aiki?”

Na ce ban taɓa karanta hakan ba.

“To nawa yana yi. Kuma ya kusa iso ni a tsakiya.”

A rana ta shida tazarar da ta rage ba ta wuce tafin hannu ba. Zubair ya tsaya a ƙarƙashin bakan, ya ɗaga kai ya ce, “Na ji bugunka ran nan, Datong. Na ji. Ka yafe mini.” Ya ajiye kayan aikinsa a nan, ya kwashe iyali zuwa Gombe. Can ya rasu bayan shekara biyu. Tsakiyar bakan tana nan fayau har yau.

Abin da ya biyo baya kuwa na tabbatar da shi, har na rubuta don kada ya gudu. Na je Farin Gada sayen kayan miya, na ga wani dattijo yana jefa buhun kabeji cikin mota da hannun hagu. Na ambaci zauren. Ya ajiye buhun.

“Oga Malam, kar ka bi hanyan nan,” in ji Datong. “Kullum da asuba nan nake wucewa zuwa kasuwa, amma na daina. An ƙone Zubair tun 2001, kuma kwana biyar fatalwansa yana zana dama, ni ina bin shi da hagu.”