Mai lambu da tukwanen maƙwabcinsa

Ka ce ka rasa gane kan autanka, alhali yadda ka reni yayyensa haka kake renonsa, shi kuwa kullum sai ƙara janye jiki yake yi. To, gyara zama in ba ka misalin wani mai lambu da ke zaune a bakin fadama.

Mutumin nan, in dai batun shuka ne, ba a ja da shi. Latas, albasa, tumatir, duk abin da ya sa wa hannu sai ya yi kyau, kuma dabararsa ɗaya ce: ban ruwa safe da yamma, ba fashi. Yana da maƙwabci, tsohon direban babbar mota, wanda a tafiye-tafiyensa ya tattaro wasu 'yan tsirrai na ado, dangin ƙyarana amma ƙanana, ya jera su a tukwane. Wasu kamar curin fura mai ƙaya, wasu ganyensu gajeru ne masu kauri kamar yatsun jariri. Da direban zai tafi aikin Hajji, ya kwaso su ya kawo wa mai lambu, ya ce, "Malam, ga amana. Da marigayiya matata muka rene su, su kaɗai suka rage mini na hannunta." Ya buɗe baki zai yi bayani, mai lambu ya tari numfashinsa da dariya: "Haba Alhaji, ni za a koya wa shuka?"

Bayan ya tafi, mai lambu ya tsuguna yana jujjuya tukwanen cikin mamaki. Ba ƙasar kirki a ciki, sai yashi da tsakuwa, a bushe ƙamas. Ya yi ta tunanin yadda abu mai rai ya wanzu a haka, har tausayinsu ya kama shi. Ya zuba musu taki, ya sa su a inuwa kusa da randa, ya shiga shayar da su kamar latas ɗinsa. Guda ɗaya kurum ya ɗora a kan katanga ranar da akuya ta shigo gidan, ya kuma manta da shi. Da ya ga na ƙasa sun fara rawaya, ya ce ƙishi ne, ya ƙara ruwa. Ran nan ya taɓa ɗaya da yatsa, sai ya lotsa kamar ruɓaɓɓen tumatir. Hankalinsa ya tashi, amma son sani ya fi ƙarfinsa. Ya ɗauko wuƙa ya tsaga shi, ya tarar cikin cike yake da ruwa, saiwar kuwa ta yi baƙi tana wari. Ashe kowanne da randarsa a cikinsa, shi kuma ya yi ta ɗura musu har suka shaƙe. Nan ya tuna da na kan katanga. Ya leƙa, ya same shi garau a tsakar rana, har da jan fure ɗaya a kansa.

Da Alhaji ya dawo, tukunya ɗaya aka miƙa masa. Ya daɗe yana kallon furen, don rabonsa da ganin irinsa tun matarsa na da rai. Sa'an nan ya ce, "Malam, wannan me ka yi masa?" Mai lambu ya sunkuyar da kai don kunya, ya ce, "Mantawa na yi da shi."

Ba mugunta ce ta kashe sauran ba, ka dai ji, kulawa ce daga hannun da bai tsaya ya tambayi halin abin da yake kula da shi ba. Je ka duba yaronka da kyau kafin ka ƙara masa ruwa. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, abincin wani gubar wani.