Shafi na Sha Huɗu

Saura awa uku wa'adi ya cika, ƙungiyar ƙwallon zari-rugar Amurka ta Omaha kuwa ta zarce ƙa'idar albashi da dala miliyan sha ɗaya. Dokar gasar ba ta san uzuri ba. Kowace ƙungiya da iyakar abin da za ta biya 'yan wasanta a shekara.

Marlon Duquette, sabon manaja, ya san inda gizo ke saƙar. Shekara biyar baya, tsohon manaja ya ƙwallafa rai a kan kofi, ya ɗauko gwanin jifa Tyrell Banks, ya tura biyan yawancin albashinsa zuwa shekarun gaba. Kofi dai an ci. Gwiwar Banks ta lalace, ya yi ritaya, amma har yau albashinsa na cin kason masu wasa.

Mafita ɗaya ta rage: a sallami Hosea Pruitt, kyaftin ɗin 'yan baya, mai shekara sha biyu a ƙungiyar. Duk garin nan babu wanda ake so kamarsa.

Tsohuwa Lindqvist, mai ƙungiyar, ta tara lauyoyi su nemo ɓaraka a kwangilar Banks. Marlon ko buɗe takardar bai yi ba.

"Ku huta. Shafi na sha huɗu ya toshe ko'ina."

"To kira Banks ka roƙe shi ya yafe rabi," in ji ta.

"Ba zan roƙa ba, ranki ya daɗe. Da gwiwarsa ya saya muku kofin da kuke gogewa kullum. An ci daɗi, a biya."

Ya duba agogon zinaren da ke hannunsa, ya sa a kira Hosea. Ransa a ɓace yake ƙwarai, amma bai sunkuyar da kai ba, ya faɗa wa Hosea gaskiya ido da ido, cewa an sallame shi.

Hosea ya cire hular ƙungiyar ya ajiye a kan tebur.

"Kana nadama, Marlon?"

"Ko kaɗan. Da za a maimaita, haka za a sake yi."

Hosea ya jawo kwangilar Banks, ya buɗe shafin ƙarshe, ya ɗora yatsa a kan sa hannun da ke ƙasa.

"Ran da ka matse su suka sa hannu a nan, kana wakilin Banks, ni na fara taya ka murna."